Amsoshin Takardunku: Mai Gadin Wasiƙun Kwamfuta

Takardarmu ta yau ta fito daga wani ɗan kasuwar hatsi a Dawanau, Kano. Ya ce ƙungiyarsu tana da babbar kwamfuta mai karɓa da rarraba wasiƙun imel, sai wata wasiƙa ta shigo da cuta ta lalata musu lissafin bashi. Yana tambaya, yaya ake tsare ƙofa?

To Alhaji, Allah Ya kiyaye gaba. Ita wannan cuta, wato bairos, wani mugu ne ke rubuta ta, ya ɓoye a cikin takardar da aka maƙala wa wasiƙa. A watan Mayun 2000 wata mai suna ILOVEYOU ta ɓullo daga ƙasar Filifin, ta kama miliyoyin kwamfutoci cikin 'yan kwanaki. Wanda duk ya buɗe ta, sai ta aika kanta ga kowane adireshi da ke littafinsa.

Maganin shi ne a tsayar da mai gadi a kan babbar kwamfutar ita kanta, kamar yadda malamin dabbobi ke duba shanu kafin su shiga kara. Akwai na kyauta, sunansa ClamAV. Ga abin da za ka sa mai kula da na'urarku ya yi.

Na ɗaya, ya haɗa shi yadda kowace wasiƙa, mai shiga da mai fita, sai ta bi ta hannunsa.

Na biyu, ya kunna freshclam, mai ɗauko kamannin sababbin cututtuka daga intanet kullum. Mai gadin da bai san fuskar ɓarawo ba, ai barci yake.

Na uku, abin da aka kama a killace shi a gefe, kada a share, don wani sa'in takardar kirki ce aka yi wa kuskure.

Na huɗu, a hana shigar maƙalen da sunansa ya ƙare da .exe ko .vbs.

Na biyar, a gwada da 'yar takardar gwaji mai suna EICAR, wadda ba ta cutarwa. In ta wuce lafiya, to gyara bai yi ba.

Amma fa Alhaji, mai gadi ba ya kama komai. Wasiƙar da ba ka san mai ita ba, kada ka buɗe maƙalenta. Lissafin bashi kuma a riƙa kwafe shi a ajiye wani wuri daban kowane mako.

Sai mun ji daga gare ku. A huta lafiya.