Lokacin Sayar da Harawa

Harawa, wato busasshen ganye da karan wake ko gyaɗa da ake ɗaurewa dami-dami bayan girbi, haja ce da farashinta ke bin yanayin shekara. Da kaka takan yi araha domin gonaki cike suke da kara da tattaka, amma daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da bazara ta ƙone makiyaya kuma dabbobi suka rame, kuɗinta yakan hau matuƙa a ƙasar Kano da Katsina da Maraɗi.

Sai dai jiran ƙololuwar farashi yana da nasa haɗari, domin harawar da aka jibge a kan rufin soro ko reshen bishiya tana fuskantar gara da gobara, ganyenta kuma, wanda shi ne amfaninta, yana kakkaɓewa har mai saye ya raina damin. Da zarar ruwan farko ya jiƙa ta sai ta yi fumfuna, sabuwar ciyawa kuma ta karya kasuwar cikin 'yan makonni.

Akwai kuma lissafin Babbar Salla, wadda ke matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2025 ta faɗo farkon watan Yuni, don haka masu kiwon ragunan layya suka yi sayayyar harawarsu a tsakiyar bazara. Manomin da ya raba ajiyarsa, ya sayar da mafi yawanta kafin hadari ya fara haɗuwa, ya fi wanda ya riƙe duka yana jiran farashin ƙarshe dabara.