Fiyano Da Akwatin Sauti Sun Ƙi Magana Da Juna

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Funtuwa, manomi ne, amma da rani yana kiɗan fiyano a gidajen biki. Ya ce ya sayar da masara ya sayi sabuwar fiyano, yana so ya haɗa ta da tsohon akwatin sautinsa mai zagayayyun ramuka. Ya sayo waya a kasuwa, ya jona, shiru kake ji. Shin fiyanon ce ta lalace?

To Malam, kwantar da hankalinka, da wuya a ce ta lalace. Abin da ke bi ta wayar nan shi ake kira MIDI, wato wani harshe da kamfanonin kayan kiɗa na Amurka da Japan suka amince da shi a 1983. Ba sauti yake ɗauka ba, saƙo ne kawai: an danna maɓalli kaza, da ƙarfi kaza, an sake shi. Akwatin ne ke mai da saƙon ya zama kiɗa.

Tsofaffin na'urori masu rami mai ƙusa 5 kai tsaye suke magana da juna. Amma USB, wanda ya fito a 1996, nasa tsarin daban ne. Dole ɗaya ya zama mai masauki, ɗaya baƙo. Mai masauki shi ke fara magana, shi ke ba da wuta. Fiyanonka baƙuwa ce, shi ya sa irin na Yamaha ake rubuta USB TO HOST a kan ramin nan mai kusurwa huɗu. Wayar da ka sayo, mai kan USB a gefe guda da zagayayyun kawuna biyu a ɗaya gefen, ita ma baƙuwa ce, kwamfuta take jira. To ina baƙo zai sauki baƙo? Shi kuwa ɗaya ramin mai faɗi, a yawancin fiyano na filashi ne kawai.

Abin da za ka nema shi ne ɗan akwati da ake kira USB MIDI Host, kamfanin Kenton na Ingila na cikin masu yin sa. Shi zai tsaya a matsayin kwamfuta. Ka jona fiyano da shi da wayar USB irin ta firinta, sannan ka ɗauki waya mai ƙusa 5 daga raminsa na OUT zuwa ramin IN na akwatin sautinka. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe, su sa OUT cikin OUT, baki da baki, babu kunne.

Sai batun layi. MIDI na da layuka 16, kamar tashoshin rediyo. In fiyano na aikawa a layi na 1, akwatin kuma na saurare a na 2, ba za ka ji komai ba. Layi na 10 galibi na ganguna ne, in ka danna ka ji ganga, to can ka faɗa.

Shawarata, kada ka biya kuɗi sai ka ɗauki fiyanon ka je shagon an gwada a gabanka, don akwai fiyanon da ba ta aiki sai da manhajar kamfaninta a kwamfuta, irin wannan ɗan akwatin ba zai gane ta ba. Kuma a nan garuruwanmu ba kowane mai shago ne zai karɓi kaya in sun fita ba.

Mu je ga wasiƙa ta gaba.