Koren Ganye a Jikin Kwalba Ba Shaida Ba Ne

 Dukanmu muna so mu rage guba a gonakinmu. Masu sayar da maganin feshi sun gane haka, shi ya sa a kasuwar Mai'adua muke ganin kwalabe masu hoton koren ganye, ana ce mana maganin ba ya cutar da ƙasa.

Kada hoto ya ruɗe mu. Mu duba layin da ke ƙasan takardar kwalbar. Ja yana nufin guba mai kisa, rawaya mai haɗari. Shuɗi da kore sun fi sauƙi, amma su ma guba ce. Mu nemi lambar NAFDAC da ranar lalacewa. In babu, mu bar wa mai kaya kayansa. Wanda bai iya karatu ba ya tafi da ɗan makaranta.

Abin da muka fesa a gona, shi 'ya'yanmu za su ci a tuwo.