Amsar Wasiƙunku: Sa Ƙwan LED a Dashbod ɗin Tsohuwar Mota

Wasiƙarmu ta yau daga Dabawa ta fito, ƙasar Dutsin-Ma. Mai wasiƙar yana da a-kori-kura Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, da ita yake ɗaukar kayan lambu daga bakin dam ɗin Zobe zuwa Katsina. Ya ce fitilun dashbod sun dushe, in ya yi sammako ba ya ganin allurar mai, balle ta zafin inji. Shin ya canja su da ƙananan ƙwayayen nan na LED?

To Malam, canja abinka, amma ban da ƙwai guda: jar fitilar nan ta caji, mai hoton batir. A tsofaffin motoci da yawa, musamman masu altaneta ƙirar Bosch, 'yar wutar da ke ratsa wannan ƙwan ita ce ke tayar da altaneta ta fara caji. Ita kuwa LED ba ta cin wuta. Abin da ake yabon ta da shi ke nan, a nan kuma shi ne aibinta. Sai ka kama hanya batir na zuƙewa ba ka sani ba, mota ta mace maka wajen Kurfi, ga tumatir a rana, ga kasuwa tana ci. Kuma mota mai waɗannan shekaru, ai an sha canja mata altaneta. Bar mata ƙwanta na da, shi ya fi.

Sauran kuwa, na allurai da na makunnai, ka nemi masu bolt 12. Kafin ka taɓa komai, cire kan batir, wanda ke haɗe da jikin mota. LED tana da gaba da baya. In ka sa ba ta kama ba, kada ka ce jabu aka sayar maka, juya ta kawai.

In za a ja sabuwar waya, a ɗauko ta daga layin ƙananan fitilu, bayan fis. Don Allah kada a murɗe waya a naɗe da leda, yadda wasu yaran masu riwaya ke yi. Gobarar mota daga nan take farawa.

In an gama, ta da inji, a gwada batir da mita. Ka ga wajen bolt 14, to caji na tafiya. Allah ya kiyaye hanya, a gai da mutanen Dabawa.