Tsuntsayen bakin ruwa a ƙasar Gaya

 

Yau hirarmu kan tsuntsaye ce, da ciyawar da ke tsirowa a bakin kogi da tafkunanmu, daga Gaya zuwa Albarkaize.

Kowa ya san shamuwa. In ta sauka bisa itatuwan gari, manomi ya shiga gyaran gona. Daga kudu take zuwa, tana bin damina. To, akwai waɗansu baƙin da ke zuwa daga arewa. Ƙananan agwagi ne daga ƙasashen Turai. Sanyi ke koro su. Suna ƙetare hamada su iso wajen watan Oktoba, su koma gida a watan Maris. Ƙirinjijiya da dinya da balbela kuwa namu ne na gida.

Me ke tara su a nan? Abinci da wurin ɓuya. Ku duba burgu. Cikinsa kifi ke yin ƙwai, ƴaƴan kifi su girma. Shi ya sa zalɓe yake tsayawa shiru a gefensa. Shanu ma da shi suke cin rani. Ku duba bado kuma: akwai wani tsuntsu mai dogayen yatsu da ke tafiya bisa ganyensa, ba ya nutsewa. Gauraka cikin ciyawar fadama take yin sheƙa, a ƙasa. In an noma fadamar duka, ko an sa mata wuta, ina za ta yi ƙwai? Tsofaffi su gaya muku, gauraka ta ragu ƙwarai.

Ba kowace ciyawa ce ta kirki ba. Baƙuwar kainuwar nan mai fure shuɗi, asalinta Amurka ta Kudu. Tana rufe ruwa, ta tare jirgi, ta hana masunci jefa birgi. Wannan kam a tsamo ta, a shanya, a yi taki.

A shekarar 1971 ƙasashe suka yi yarjejeniyar kare fadamu a garin Ramsar na Iran. Nijar ta shiga a 1987. A 2001 aka sa fadamun kogi na wajen Albarkaize cikin lissafin, Dallol Mawri kuma a 2004.

Ga aikin wannan mako. Ku je bakin ruwa da sassafe, da littafi da fensir. Kada ku yi surutu. Ku rubuta ranar, da sunan kowane tsuntsu, da yawansa, da ciyawar da kuka gan shi ciki. Wanda ba ku san sunansa ba, ku tambayi masunta. Ku kawo wa malam ran Litinin, a karanta a gaban aji.