FURFURA DA TOKA: LAUNI ƊAYA, MAKOMA BIYU

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ta'ala, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa (SAW) da alayensa da sahabbansa. 'Yan uwa matasa.

Abin da za mu yi magana a kai yau wani launi ne wanda ba mu cika kula da shi ba. Bahaushe yana da fari, yana da baƙi, yana da ja. Amma wanda ke tsakanin fari da baƙi, sai da ya je murhu ya aro masa suna, ya ce ruwan toka, ko toka-toka. Mu nan ƙasar Gobir, toka habɗi muke ce mata. To wannan launin wurare biyu yake bayyana a rayuwar al'umma. Yana bayyana a kan dattijo, a ce masa furfura, ko hurhura a bakinmu. Yana kuma bayyana inda wuta ta gama ci. Launin ɗaya ne, amma ɗaya haske ne, ɗaya kuwa saura ne na abin da ya ƙone.

Mu fara da furfura. A Suratu Maryam, da Annabi Zakariyya (AS) zai roƙi Allah magaji, sai ya gabatar da rauninsa da furfurar kansa, kuma aka amsa masa da Annabi Yahaya (AS). Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Annabi Ibrahim (AS) ne ya fara ganin furfura, aka sanar da shi cewa kwarjini ce, sai ya roƙi ƙari. Manzon Allah (SAW) ya hana tsige ta, ya bayyana cewa haske ce ga Musulmi, ya kuma sanya girmama mai ita cikin girmama Allah. Ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira, Sayyidina Abubakar (RA) ya jawo mahaifinsa Abu Ƙuhafa, tsoho makaho, kansa fari fat. Manzo (SAW) ya nuna cewa da an bar tsohon a gida, shi da kansa zai je ya same shi. Ku duba fa, wanda ya shigo gari da rundunar mutum dubu goma, shi ke cewa zai taka zuwa wurin tsohon da ko Musulunta bai riga ya yi ba.

La'alla wani ya ce, to idan mai furfurar yana kan kuskure fa, shiru za a yi? A'a. Amsar tana nan cikin tarihin ƙasarmu. Wajen shekarar 1788, a Magami, ranar babbar Sallah, Shehu Usman Ɗan Fodiyo, yana ɗan shekara talatin da 'yan kai, ya tsaya gaban Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo, wanda a lokacin ya manyanta. Shehu bai karɓi kyautar da aka yi masa ba. Maimakon haka sai ya nemi abubuwa biyar, daga ciki har da a bar shi ya yi wa'azi, a saki fursunoni, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Ka ga matashi ya faɗi gaskiya ba tare da ya ci zarafin dattijo ba, dattijo kuma ya saurara. Bayan Bawa ya rasu, wannan sauraren ya yanke, har abin ya kai ga yaƙi a 1804, aka ci Alƙalawa a 1808. Yau birnin kufai ne.

Yanzu kuma toka. Ita ma ba abin banza ba ce idan ta fito daga murhu. Iyayenmu mata suna tace ruwanta su sa a miya idan babu kanwa, ana yin sabulu da ita, marina suna zuba ta a karofi, manomi yana kai ta gona. Wannan tokar wutar da aka tsare ce tsakanin duwatsu uku. Amma akwai tokar wutar da ta ƙwace. Wannan mun gan ta da idonmu. A watan Mayu na 2020 an kashe mutane da dama a ƙauyukan Sabon Birni cikin dare ɗaya. A watan Disamba na 2021 an cinna wa motar matafiya daga Sabon Birni wuta a kusa da Gidan Bawa, a yankin Isa, fiye da mutum 20 suka ƙone. Dubban mutanenmu sun tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi. Sannan a 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato. Duniya ta ga hotonsa a ɗaure yana neman taimako, kuma a watan Agusta aka sami labarin rasuwarsa a hannunsu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. 

To 'yan uwa, ga abin da nake son ku riƙe. Ranar da furfura ta daina hana matashi ɗaga hannu, to gari ya kama hanyar zama toka. Kuma wuta ba ta tambayar wane ne Bagobiri, wane ne Bafulatani. Rumbu da ruga launi ɗaya suke komawa.

Ku ne wutar garin nan. Ƙarfi yana wurinku. Saboda haka kada ɗayanku ya sayar da labarin maƙwabcinsa ga mutanen daji don 'yan kuɗi. Kada ya ɗauki fansa a kan wanda bai yi laifin ba don kawai yarensu ɗaya da mai laifi. Ku nisanci ƙwaya, domin ita ke cire kunyar dattijo daga idon yaro. Ku nemi tsofaffin da ke gudun hijira a Isa da Sabon Birni, ku ɗebo musu ruwa, ku kai su asibiti, ku zauna ku ji ta bakinsu. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

A shekara ta 18 bayan Hijira an yi farin da ake kira Shekarar Toka, saboda ƙasar Madina ta koma wannan launin. Sayyidina Umar (RA) ya haramta wa kansa man shanu har sai talakawa sun samu, aka haɗa hannu, aka fita. Mu ma za mu fita insha Allahu.

Allah Ya ba mu tsawon ran da za mu ga furfura a kanmu cikin ɗa'arsa, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kashe wannan wutar. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.