Amsa Ga Mai Sauraro Daga Bagudo: Kuɗin Waya A Ƙetaren Iyaka

Malam, ka ce duk ranar da ka bi ta Tsamiya ka kai albasa Segbana, kuɗin wayarka sai su ƙare nan da nan. To, da zarar ka tsallaka iyaka, layinka kan hau kan na kamfanin Benin, a caje ka kuɗin baƙo. A 2017 ƙungiyar ECOWAS ta zartar cewa matafiyi ya riƙa amsa kira kyauta har kwana 30, amma ƙasashe bibbiyu suke fara aiki da shi: Gana da Kwaddibuwa a 2023, Benin da Togo a 2024. Saboda haka kafin ka tashi, tambayi kamfaninka farashi, ko ka sayi layin Benin a can. Allah ya ba da kasuwa.